Tambarin Baba a Kan Roba

Ni ba mai saurin yafiya ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Maigidana yakan ce idan aka taka ni yau, firiza nake buɗewa in ajiye abin, in ciro shi baɗi yana nan da ɗanyensa. Ban taɓa musa masa ba, don ya zauna da ni ya sani.

Wata Juma'a ce cikin sanyin Doha aka gayyace mu sunan jaririn wani injiniya ɗan Gusau, a wani gidan gona a Umm Salal. Irin gidajen gonar nan ne da ake haya na wuni guda, ga dabino, ga garken awaki a gefe, rumfar maza daban ta mata daban. Muna zaune ana rabon masa da miyan taushe sai na ji an kunna fiyano daga rumfar maza. Fiyanon lantarki nake nufi, irin na mawaƙan situdiyo, wanda za ka danna nan ya yi maka kalangu, ka danna can ya yi goge ko sarewa. Kalangun da ya fito kuwa, wayyo Allah, sai ka ce ana buga gwangwanin madara da cokali. Na ja tsaki na ci gaba da cin masata.

Ƙawata da ke gefena, matar wani malamin jami'a, ta zungure ni ta ce, "Ke ce ma mai yin tsaki? Ai kayan gidanku ne. Na mahaifinki ne, na ga tambarin da idona."

Na ajiye masar, ko hannu ban wanke ba, na gyara mayafi na nufi bakin rumfar maza.

Dole in tsaya nan in faɗi ko wane ne mahaifina, in ba haka ba za a ce haukana ya yi yawa. Baba mai gyaran rediyo ne a Fagge tun kafin a haife ni. Daga rediyo ya koma rikoda, daga rikoda ya koma fiyano lokacin da situdiyoyin waƙa suka fara yawa a Kano. Yakan sayi tsofaffin fiyano na gwanjo, ya farke cikinsu, ya zubar da abin zubarwa, ya sa musu sabon gida na katakon maɗaci da wani kafinta abokinsa ke yi masa. Sautin ciki ma ba na kamfani ba ne. Da ƙafarsa yake bin makaɗa har ƙauyukansu, mai goge, mai kalangu, mai kukuma, mai algaita, ya ɗauko sautinsu a kaset, ya dawo ya yi ta ɗura shi a na'urar har sai kunnensa ya ce masa ya zauna.

Amma ba wannan ne ya sa ake rububin kayansa ba. Baba ba ya miƙa wa mutum fiyano sai mutumin ya zauna a bencin shago ya rera waƙa. Ko wace iri ce, ko ta bege, ko ta daka da ka tsinta a bakin kakarka. Kana rerawa yana danna maɓallan da hannu ɗaya, murfin baya a buɗe, ɗaya hannun da sukundireba yana murɗa wasu 'yan ƙananan kusoshi, ya sassauta wannan ya ɗaure wancan, har sautin ya zo ya tarar da muryarka inda take. Yakan ce waɗanda suka ƙera abin ba su taɓa jin Bahaushe yana waƙa ba, muryarmu a tsakanin maɓallansu take sauka. Don haka ko dai mawaƙi ya tanƙwara maƙogwaronsa ya bi na'ura, ko na'ura ta bi shi, shi kuma ba ya son ganin an tanƙwara mutum. Sai an gama wannan kaf sannan ya ɗauki ƙarfen da yake narka darma da shi, da zafinsa, ya ƙona tambarinsa a jikin katakon: sunansa da ajami, da ɗan zanen kalangu a ƙasa. Duk gidanmu sai ya ɗauki ƙaurin maɗaci, mu san yau an sallami wani. Wanda kuwa ya ƙi rerawa, ko ɗan wane ne, Baba zai ce ya tashi ya ba wasu wuri. Na taɓa ganin ya kori wani babban mai situdiyo da ya aiko direbansa ya karɓar masa. Ya ce a gaya masa ba direban ne zai yi waƙar ba.

To wannan tambarin na tarar a Umm Salal. Sunan Baba ne da ajami, kalangun ma yana nan, amma a sitika mai walƙiya, an manna ta a jikin baƙar roba, har ta ɗan karkace. Wallahi da ba cikin mutane ba ne da na ɗaga abin na maka shi da ƙasa.

Mai kaɗawar wani magidanci ne ɗan Haɗeja, direban motar 'yan makaranta, mutum mai fara'a da furfura a gemu. Na daure na gaishe shi.

"Malam, sannu da ƙoƙari. A ina ka samo wannan?"

"Hajiya, daga Kano na sa aka taho min da shi. Na asali ne, kin ga tambarin ai."

"An sa ka waƙa kafin a ba ka?"

Ya kece da dariya. "Waƙa kuma, Hajiya? A kwalinsa ya zo, ko buɗewa ba a yi ba."

Da aka gaya masa ko ni 'yar wace ce, sai ya miƙe tsaye, ya cire hula ya mayar, ya yi ta yi wa Baba addu'a. Ya ce tun suna samari suke jin sunan nan, ba su taɓa zaton za su mallaki kayansa ba. Ya ce a masaukinsu idan ya dawo daga aiki a gajiye ya ga ajamin nan a gefen gadonsa, sai ya ji kamar bai bar gida ba. Da wata ce da zuciyarta ta yi sanyi. Ni tawa ƙara tafasa ta yi. An samu bawan Allah yana fama a ƙasar mutane, an sayar masa da gwangwani da sunan ubana, har yana godiya.

Na san wanda ya yi, ba sai na tambaya ba. Yaya ne. Ba ciki ɗaya muka fito ba, babban yaron shagon Baba ne, amma tun ina goye aka kawo shi gidanmu, a kwano ɗaya ya ci da yayyena, shi ya sa muke ce masa Yaya. Yayyena maza ba wanda ya bi sana'ar, don haka da Baba ya rasu dangi suka zauna suka ce a bar masa shagon da sunan, kar ƙofar ta rufe. Ni ma na yarda a lokacin. Amma kafin a yi sadakar arba'in na leƙa shagon, na tarar an fitar da bencin waje rana tana dukansa, kaset-kaset ɗin Baba kuma, duk sautin makaɗan da ya bi ƙauye-ƙauye ya tara, an zuba su a buhu an ba 'yan jari-bola. Wasu sun fashe a lungu, zarensu ya naɗe a wayar lantarki yana reto. Na shiga ina kuka ina masifa. Yaya ya kalle ni yana murmushi, a gaban ma'aikata, ya ce, "Auta, je ki ji da karatunki. Harkar shago ba ta mata ba ce."

Na je na ji da karatuna. Na gama, na yi aure, muka taho Doha, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, muka kama gida a Bin Mahmud saman wani kantin 'yan Indiya. Ina jin labari sama-sama cewa harkar Yaya ta bunƙasa, ya yi gida, ya je Hajji ya sake zuwa. Ban taɓa tambayar me yake sayarwa ba, don na san in na tambaya ba zan yi barci ba. Sai ga abin ya biyo ni har gidan suna.

Bayan 'yan watanni, ina wanke shinkafa da rana, wayata ta yi ƙara. Yaya ne, mutumin da ko barka da salla ba ya kirana.

"Auta, 'yar gidan Baba! Kin ɓuya."

Ya ce daga Sin zai dawo, zai yada zango a Doha. Wani likita a Madinat Khalifa da wasu injiniyoyi 'yan uwanmu suna so su haɗa hannu da shi, a riƙa kawo fiyanon nan ana sayar wa 'yan Afirka da ke ƙasashen Larabawa, Sudanawa, 'yan Gana, kowa da kowa. Sunan Baba zai zaga duniya, in ji shi. Abin da yake so a wurina kaɗan ne: in zo zaman, su ga 'yar mai tambarin da idonsu, in faɗi kalma biyu in sa albarka.

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai ba sai ka roƙa ba. Abin Baba ne fa. Ina nan zuwa in sha Allahu." Muryata kamar an zuba mata zuma.

Maigidana yana falo yana jina. Da na ajiye wayar ya leƙo kicin ya ce, "Maman yara, wannan muryar taki ba ta alheri ba ce. Rabon da in ji ta tun ranar da kika je wa mai gidan hayarmu."

"Me na yi? Yayana zai zo gari, ba zan yi murna ba?"

"Ki bar wa Allah, don girmanSa."

"Na bar wa Allah shekara da shekaru. Yanzu kuma Shi ne Ya kawo min shi har gida."

Ya girgiza kai ya ce shi dai ba ruwansa, amma zai kai ni, don ya fi so ya gani da idonsa a kan a ba shi labari a masallaci.

Shirina bai da yawa. Na san likitan, kowa ya san shi. Dattijo ne mai kirki ɗan Katsina, amma da an ci an sha sai ya kama rera tsofaffin waƙoƙi, har matarsa ta gaji da hana shi. Wannan ya wadatar. Na buɗe akwatin kayan aikin maigida na zari sukundireba na jefa a jakar hannuna. Na kira ƙawata na ce idan na miƙe zan yi magana ta ɗaga wayarta ta ɗauka, kar ta sauke sai na zauna. Sannan na yi dambun shinkafa da zogale, wanda Yaya ke mutuwar so tun muna gida, na zuba man gyaɗa ba ƙaƙƙautawa. So nake ya ci ya ƙoshi ya saki jiki.

Ranar Asabar bayan la'asar muka hallara a majalisar likita, wato ɗakin da yake karɓar baƙi. An shimfiɗa kafet, an jera matasai, turaren wuta na tashi, ana zagayawa da shayin karak. Mata a ciki suke zama, amma saboda ni aka ajiye mana kujeru a bakin ƙofa, ni da matar likita da ƙawata. Yaya ya yi ƙiba, ya sha shadda har tana ƙara idan ya motsa. Ya ci dambuna faranti biyu yana cewa hannun Umma, mahaifiyata, sak. Na ce ya ƙara, don Allah ya ƙara.

Da aka natsu ya yaye ƙyalle daga kan tebur. Sabon samfuri ne, wai na musamman, an yi masa launin katako har da jijiyoyin itace na ƙarya. Ya fara jawabi. Baba kaza, Baba kaza, yadda Baba ya riƙe shi, yadda Baba ya damƙa masa amana. Har hawaye ya matso, ya goge da hannun riga, mutane suna "Allahu akbar, Allah Ya ji ƙan maza." Ni kuwa ina zaune ina danne haƙora har muƙamuƙina ya yi ciwo. Sai ya ɗaga fiyanon ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce kowa ya ɗauka ya ji nauyi, don kayan Baba da nauyinsu ake gane su. Aka yi ta miƙa wa juna ana jinjinawa ana gyaɗa kai.

Sannan ya juyo ya nuna ni. "Ga autarsa nan, ba sai na yi dogon bayani ba. Auta, bismilla."

Na miƙe. Ta gefen ido na ga ƙawata ta ɗaga waya. Na yi sallama, na gode wa likita, na yi wa Baba addu'a. Sannan na ba su labarin bencin, yadda ba a sallamar fiyano sai mai saye ya rera an daidaita masa shi da muryarsa, yadda tambarin ke nufin an saurari mai abin. Na faɗa a hankali, da ladabi, kaina a ƙasa. Yaya yana ta "Haka ne, haka ne, wallahi haka ne," bai san inda na dosa ba.

Na ce, "To tunda yau za a ƙulla abin alheri da sunan Baba, ina roƙon a fara yadda yake farawa. Ga babban mai saye nan. Likita, ka rera mana, Yaya ya daidaita maka."

Kai, likita kamar jira yake! Ya ajiye kofin shayi, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Matarsa ta ce, "Inna lillahi, kin taso mana shi." Aka yi dariya. Yaya ma ya yi, amma tasa iya haƙora ta tsaya. Ya zauna gaban fiyanon.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Yaya ya iya kiɗa, hannunsa na nan yadda Baba ya bar shi. Amma hannu ba ya gyara abin da ba ya gyaruwa. Likita ya ɗauko wata tsohuwar waƙar noma ta garinsu da muryarsa mai kauri, fiyano ya biyo shi, sai ga su kowa da hanyarsa. Inda muryar ta sauka, na'urar tana sama da ita kaɗan ko ƙasa da ita kaɗan, abin yana sukar kunne. Ko wanda bai san kiɗa ba sai da ya yamutsa fuska. Yaya ya danna wannan ya danna wancan, ya ɗaga sautin gaba ɗaya, ya sauke shi gaba ɗaya, a banza. Likita, mutumin kirki, sai ya fara janyo muryarsa yana bin na'urar, har ta shaƙe masa ya yi tari.

Na ce, "A'a Likita, kar ka bi shi, shi zai bi ka. Yaya, buɗe bayan ka murɗa masa yadda Baba ya koya maka."

Gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin na'urar esi. Ya ce, "Ai Auta, matafiyi ne ni, ban taho da kayan aiki ba."

Na buɗe jaka na ciro sukundireba, na tako har tsakiyar majalisar na ajiye a kan tebur gabansa. Maigidana ya sunkuyar da kai yana kallon kafet kamar an rubuta masa wani abu a ciki.

Wani injiniya ɗan Zariya ya ce, "Yalla, maza Alhaji, buɗe mana mu ga aikin manya."

Yaya ya fara kame-kame, wai idan aka buɗe garanti ya lalace, wai sabon tsari ne ba irin na da ba. Amma injiniya da sukundireba a gabansa, wa zai hana shi? Kafin Yaya ya rufe baki mutumin ya kife fiyanon yana kwance kusoshi, wasu biyu sun durƙusa suna riƙe masa. Aka ɗaga murfi.

Fayau! Cikin babu komai sai wani ɗan koren allo da bai fi tafin hannu ba, da 'yan wayoyi sirara, da takardar kamfanin da ya yi shi da rubutun Sinanci. Ba abin murɗawa ko ɗaya. A tsakiya kuma an shafa gam an manne wani guntun rodi, irin na gini, har da tsatsarsa. Shi ne nauyin da aka gama jinjinawa ana gyaɗa kai.

Injiniyan ya ɓamɓaro rodin ya ɗaga sama ya ce, "Alhaji, wannan goge ne ko kalangu?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi salati. Likita bai yi dariya ba. Ya kalli Yaya ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. A kawo wa baƙi ruwa." Ni kuwa na koma kujerata na zauna, na karɓi kofin karak na shanye shi tas. Ban taɓa shan shayi mai daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Muna fita zuwa mota Yaya ya biyo ni harabar gidan, hularsa a hannu.

"Auta, me na yi miki da zafi haka?"

"Ni? Ba ka yi min komai ba. Wanda ka yi wa yana kabari."

"Kin san gida nawa ke cin abinci da sunan nan? Wa zai zauna yau ya jira wata da watanni a yi masa fiyano ɗaya? Yaran yanzu da kwamfuta suke kiɗa. Kafintan ya rasu, makaɗan sun rasu. Kaset-kaset ɗin da kike kuka a kai, rabinsu sun lalace tun Baba na da rai, shi ne ba ya so a faɗa. Ni na zauna da shi a shagon nan lokacin da sai mu wuni ba wanda ya leƙo, ke kina makaranta. Da ban yi haka ba da sunan ya bi shi ƙasa."

"Da ka bar shi ya bi shi. Ko ka manna naka. Ba ka da suna ne?"

Ya murza hular. Can ya ce, "Nawa ba wanda zai saya."

"To ka ji da bakinka."

Na shige mota na ja ƙofa. Sai da muka kusa Bin Mahmud na tuna maganar da na shekara da shekaru ina tanadi in mayar masa, ta cewa harkar shago ba ta mata ba ce. Na manta ban faɗa ba! Na ce wa maigida ya juya mota. Ya ce wallahi ko kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ne ya ce ya juya ba zai juya ba, abin da na yi wa mutumin ya isa.

Ni a wurina bai isa ba. Likita ya janye, injiniyoyi sun janye, amma Doha ba ita ce kasuwarsa ba, Kano ce. Washegari da safe kafin in tafi aiki na karɓi bidiyon a wurin ƙawata, na kalle shi ina karyawa, na sake kallo. Sannan na tura shi zauren 'yan unguwarmu na waya, da na tsofaffin 'yan makarantarmu, da wata 'yar uwa da na san ko sirrin kanta ba ta iya riƙewa. Da yatsana na tura, ba wanda ya sa ni.

Abin ya kama kamar wutar kara. Masu situdiyo suka shiga kwance nasu, kowa yana ɗaga rodinsa yana ɗaukar hoto. Wani ya samu guntun bulo a nasa, wani ƙullin yashi a leda. 'Yan kasuwa suka riƙa mayar masa da kaya kwali-kwali. Direban nan ɗan Haɗeja ma an ce ya buɗe nasa, ya kankare sitikar da wuƙa, ya tura fiyanon ƙarƙashin gado. Kullum na dawo daga aiki sai na zauna na bi labarin ɗaya bayan ɗaya, ina cin gyaɗa ina jin daɗi. Ranar da aka ce min Yaya ya rufe shagon, an sauke allon da ke ɗauke da sunan Baba daga saman ƙofa, na yi sujada a tsakar falo. Na ce alhamdu lillahi, na ƙwato wa Baba sunansa, ba wanda zai ƙara manna shi a jikin roba.

Ana haka wata Juma'a da hantsi na kira mahaifiyata, Umma, kamar yadda na saba. Tana nan a gidanmu na Fagge, ta tsufa, ba ta fita sosai, ba ta kuma kallon abubuwan waya. Muka gaisa, na ji muryarta ba yadda take ba.

"Umma, lafiya? Ko ƙafar ce?"

"Ƙafa da sauƙi." Sai ta ɗora da cewa, "Jiya wani mai tallan tukwane ya yi sallama, na ce a shigo da shi zaure. Na ɗauki ɗaya ina dubawa, na ce anya tana da kauri? Sai ya ƙwanƙwasa ta ya ce, 'Hajiya, ki ji da kunnenki, wannan gaskiya ce har ciki, ba aikin wane ba ne.' Auta, sunan mahaifinki ya kira. A zauren gidansa."

Na nemi wuri na zauna, ita kuwa ta ci gaba.

"Na tambayi maƙwabta, suka ce ai yanzu haka ake faɗa a gari. Ko kankana aka fasa aka tarar ba ta nuna ba, sai a ce aikin wane ce. Matasan nan ba su san shi ba, ba su taɓa ganin bencinsa ba. Rodi kawai suka sani."

"Me kika ce wa mai tukwanen, Umma?"

"Me zan ce? Na sayi tukunyar don ya tafi." Na ji tana jan numfashi. "An ce min ke kika watsa abin nan. Na ce a'a, autata ba za ta yi wa ubanta haka ba."

Na miƙe tsaye da wayar a kunne. Na ce, "Umma, ba ni na sa rodin ba. Yaya ne ya yi masa, ba ni ba." Haka na faɗa mata, kuma har gobe haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Umma ta ce, "To. Allah Ya ji ƙansa." Ta kashe wayar, ko yara ba ta tambaya ba.